Yadda ake gano dalilin jinkirin shigar bayanai a na'urar tsaron ƙofa

Ƙorafin yakan zo ta fuska biyu. Ko a ce ma'aikaci ya goga katinsa da ƙarfe 8:02, ƙofa ta buɗe nan take, amma sunansa bai bayyana a allon mai gadi ba sai 8:09. Ko kuma a ce sunan ya bayyana nan take, sai dai rahoto ya nuna ya shigo 8:09. Mai ofis zai kira duka biyun "jinkiri", alhali cututtuka ne biyu, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Na farko bayani ne ya makale a hanya. Na biyu agogo ne ya yi ƙarya. Wanda bai raba su ba tun farko zai wuni yana sauya waya a kan matsalar da batir ɗan tsurut kamar sulalla ya haddasa.

A tuna yadda bayanin ke tafiya. Na'urar karanta kati tana miƙa lambar ga fanel, wato akwatin da ke sarrafa ƙofofi. Fanel ɗin ne ke yanke hukunci da kansa, ya saki makulli, ya buga wa lamarin lokaci daga agogonsa, ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa. Daga baya ne bayanin zai bi waya zuwa saba, wato babbar kwamfutar da ke tattara bayanan, manhajar sadarwa ta karɓa ta rubuta a rumbun bayanai, sannan allon mai gadi ya nuna. Shi ya sa ƙofa za ta iya aiki lafiya lau na kwanaki alhali saba ba ta san abin da ke gudana ba.

Gwajin farko: kati ɗaya, lokuta uku

Kada ka kashe komai, kada ka sake kunna komai tukuna. Musamman kada ka taɓa maɓallin mayar da fanel yadda ya fito daga kamfani, domin bayanan da ba su kai saba ba suna cikinsa, kuma sharewa za ta tafi da su gaba ɗaya.

Ɗauki kati na gwaji da wayar hannu wadda agogonta ke daidaita kansa da kamfanin layi, ka sa ta nuna daƙiƙu. Mutum ɗaya ya tsaya a ƙofa, ɗaya a gaban allo. A goga katin, a rubuta abu uku: ainihin lokacin gogawa a agogon waya, lokacin da fanel ya buga wa lamarin, da lokacin da ya bayyana a allo. Manhajoji da dama suna da gurbi biyu a rajista, na lokacin na'ura da na lokacin da saba ta karɓa, sai dai na biyun yakan kasance a ɓoye sai an buɗe shi a saitin rahoto. Buɗe shi. Rabin aikin yana nan.

Maimaita sau biyar a ƙofa ɗaya, sannan a wata ƙofar da ke kan fanel ɗin, sannan a ƙofar wani fanel daban. Kuma a yi gwajin sau biyu a yini, da safe lokacin cunkoson shigowa da kuma da rana tsaka lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Idan lokacin fanel ya saɓa da na waya amma bayanin ya iso cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, agogo ne. Idan lokacin fanel daidai ne amma isowar ta makara, hanya ce ko saba. Idan fanel ɗaya ne kawai ke makara, nemi laifin a wayarsa, wutarsa ko adireshinsa. Idan duk fanel-fanel ne a lokaci guda, bar ɗakin fanel, je ka zauna gaban saba. Idan kuma rumbun bayanai ya karɓa da wuri, allon mai gadi ne kaɗai ke jan ƙafa, matsalar tana kwamfutar mai gadin.

Idan agogo ne

Girman bambancin yakan tona asirin kansa. Awa ɗaya cif-cif a Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi na nufin an bar na'urar a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, maimakon UTC+1 mai gaba da shi da awa ɗaya, ko kuma an kunna sauyin agogon bazara irin na Turai, wanda ba a yi a waɗannan ƙasashe. Ghana tana kan UTC daidai, Sudan kuma UTC+2. Awa bakwai cif a Najeriya alama ce ta na'urar da ta zo daga China da shiyyar lokacinta ta UTC+8 ba a sauya ba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a gyara awar da hannu a bar shiyyar yadda take. Agogon zai yi daidai a ido, amma ranar da na'urar ta daidaita kanta da saba sai ta koma gidan jiya. A gyara shiyyar tukuna, sannan awa.

Idan kwanan watan ya koma shekarar 2000 ko 1970 bayan ɗauke wuta, batirin agogon fanel ne ya mutu. A yawancin fanel CR2032 ne mai bolt 3. Auna shi, in ya faɗo ƙasa da 2.7 sauya shi. Duba littafin na'urar kafin ka cire, don a wasu tsofaffin fanel wannan batirin ne kuma ke riƙe da bayanan da ke ƙwaƙwalwa, sai an sauya shi da wuta a jiki.

Bambancin minti uku, biyar, takwas da ke ƙaruwa a hankali kuwa zamewar agogo ce. Agogon fanel yana tafiya da ɗan kiristal mai bugun 32,768 a daƙiƙa. Kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga irinsa, yana ba da daƙiƙa 1.7 a yini, kusan daƙiƙa 52 a wata. An tsara kiristal ɗin ya fi daidaito a kusan digiri 25, zafi na sa shi ja da baya, don haka akwatin ƙarfe a ɗakin da ba iska a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai fi saurin zamewa. Cikin wata shida an tara mintuna.

Maganin shi ne kowa ya sha daga rijiya ɗaya. Saba ta ɗauki lokaci ta NTP, wato tsarin daidaita agogo ta netwok, fanel su ɗauka daga saba ko daga wannan tushen, na'urar naɗar bidiyon kyamarori ma haka, in ba haka ba ranar bincike hoton mutum zai nuna wani lokaci, katinsa ya nuna wani. A Windows, umarnin w32tm /query /status zai nuna tushen da lokacin daidaitawa na ƙarshe, w32tm /resync kuma ya tilasta sabuwar daidaitawa. Idan tushen ya nuna agogon cikin kwamfutar ne kawai, to ba ta daidaitawa da kowa. NTP na bi ta mashigar sadarwa mai lamba UDP 123, a tabbata fayawol, mai tace abin da ke shiga da fita a netwok, bai toshe ta ba. Idan sabar ta cikin wata kwamfuta ce aka girka ta, kada a bar ta tana karɓar lokaci daga uwar kwamfutar kuma daga NTP a lokaci guda, agogon zai riƙa tsalle gaba da baya. A manhajar ƙofa a sa daidaita agogon fanel kullum sau ɗaya aƙalla, da tsakar dare. Kafin ka gyara agogon da ya yi nisa, rubuta girman kuskuren da ranar, domin tsofaffin bayanai ba za su gyaru ba, kuma mai lissafin albashi zai buƙaci wannan lambar.

Wuta

Inda ake yawan ɗauke wuta, a fara da nan kafin a zargi netwok. Fanel yana da batirinsa, yawanci bolt 12 mai 7Ah, don haka ba ya mutuwa lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta. Amma suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, da ke wani lungu sau da yawa ba ya kan UPS, wato na'urar wutar ajiya. Ya mutu, ya taso, ya ɗauki minti ɗaya ko biyu kafin ya fara aiki, bayanai su taru a fanel. Kwatanta lokutan da rajista ta rubuta yankewar sadarwa da lokutan tayar da janareta. In sun zo ɗaya, bi hanyar daga fanel zuwa saba ka nemo kowace na'ura da ba ta da wutar ajiya: suwic, na'urar haɗa wayar faiba da wayar netwok, rawuta mai haɗa netwok da waje, rediyon haɗa gine-gine.

Auna wutar fanel da mita. Caja mai lafiya tana ba da bolt 13.6 zuwa 13.8. Zare wutar bango ka bar batir shi kaɗai, ka buɗe ƙofa sau uku kana kallon mitar. Batirin da ya faɗo ƙasa da 12 cikin 'yan mintuna ya gama aiki, ko da a zaune yana nuna 12.8. Zafi na cin irin wannan batir da sauri, wanda zai yi shekara huɗu a ɗaki mai sanyi ba lalle ya kai biyu ba a ɗaki mai zafi.

Akwai kuma fanel da ke sake kunna kansa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Makullin maganaɗisu mai riƙon kilo 280 yana jan kusan rabin amfiya a bolt 12. In an jera huɗu a kan wutar da ke ciyar da fanel, wutar takan durƙusa. Raba wa makullai tasu wutar. Makullin lantarki na jikin firam kuma yana mayar da bugun wuta idan aka yanke masa, ana kashe shi da dayod irin 1N4007 a kan wayoyinsa, a jikin makullin, ba a can cikin fanel ba. Makullin maganaɗisu yawanci ya zo da tasa kariyar, ƙara masa dayod na iya sa ya jinkirta sakin ƙofa.

Layin RS-485

Nan ne jinkiri ya fi ɓuya, kuma nan ya fi cancanta a daɗe. A wannan layi, wato wayar sadarwa guda da ke haɗa fanel da yawa a jere, na'urori ba sa magana sai an tambaye su. Babba, wato mai jagorantar layin, yana zagayawa ɗaya bayan ɗaya: kai, akwai labari? Kowane sai layi ya zo kansa. A ce fanel 16 ne, kowane na cin milisakan 50, zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Yanzu a ce biyu sun mutu, ko an cire su ba a goge su daga manhaja ba, kuma an saita jiran amsa daƙiƙa biyu da maimaitawa sau uku. Kowane matacce ya ci daƙiƙa shida, zagayen ya koma kusan daƙiƙa 13, masu rai 14 duk suna jiran matattu biyu. Shiga jerin na'urori ka kashe ko ka goge duk wadda ba ta nan. Wannan gyaran minti biyar ne, kuma sau da yawa shi ke nan.

Sai saurin layin. A saurin bit 9600 a daƙiƙa, abin da ke wucewa bai wuce bayit 960 a daƙiƙa ba. Ya isa a ranar da komai ke lafiya. Amma in sadarwa ta yanke kwana biyu, bayanai 20,000 suka taru, kuma ana kwashe goma a daƙiƙa, sai an haura rabin awa kafin a gama. Tsoho ne ke fara fita, don haka wanda ya goga kati yanzu yana ƙarshen layi. Idan ka ga lokutan da ke shigowa suna matsowa kusa da yanzu a hankali, ba abin da ya lalace, kwasa ake yi, ka ƙyale shi ya gama. Ana iya ɗaga saurin zuwa 19200 ko 38400 idan waya mai kyau ce, amma dole kowace na'ura a layin ta koma wannan saurin.

Wayar kanta: tagwaye ce murɗaɗɗiya mai rigar kariya, iyakarta kusan mita 1,200, na'urori 32 a ƙa'idar asali. Ana jera su ne kamar carbi, daga wannan zuwa wancan, ba a fitar da rassa daga wuri ɗaya kamar tauraro. A ƙarshe biyu na layin kaɗai ake sa rasista mai om 120. Gwajin: kashe wuta, auna om tsakanin wayoyin layin biyu, A da B. Kusan 60 na nufin daidai. Kusan 120, ɗaya ta ɓace. 40 ko ƙasa, wani ya kunna ta uku a tsakiyar layi, yawanci ta ɗan makunnin da ke jikin fanel. Rigar kariya a haɗa ta da ƙasa a gefe ɗaya kawai. Duba kada na'urori biyu su ɗauki adireshi ɗaya, kuma kada wayar ta kwanta a bututu ɗaya da ta wutar bolt 230 ko kusa da injin lifta. Layi mai hayaniya ba ya mutuwa gaba ɗaya, saƙonni ne ke lalacewa ana sake aikowa, wannan ne ke fitowa a matsayin jinkiri mai zuwa yana tafiya.

Tsakanin na'urar karanta kati da fanel, tsarin haɗin da ake kira Wiegand ba ya ajiye komai, iyakarsa kusan mita 150. In ya lalace, katin ne ba zai karantu ba ko lambar ta fito a karkace, ba ya kawo makara. OSDP kuwa, wani tsarin haɗin na'urar karanta kati da fanel, a kan RS-485 yake tafiya, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi, kuma in shi ne matsalar ƙofar ma za ta yi jinkirin buɗewa.

Netwok

Daga saba, ka buga umarnin ping -n 200 da adireshin fanel na netwok, wanda zai aika masa saƙon gwaji sau 200 ya jira amsa. A cikin gini ɗaya amsa ta kamata ta zo cikin 'yan milisakan, ba tare da asarar ko ɗaya ba. Ping na nuna hanya a buɗe take ne kawai, sai ka gwada mashigar da manhajar ke amfani da ita ta umarnin Test-NetConnection a PowerShell, tagar buga umarni ta Windows. Na'urorin ZKTeco sukan zo da 4370, na Hikvision da 8000, sauran a duba littafinsu.

Rikicin adireshi ya fi kowane yaudara. Zare wayar netwok daga fanel ka sake ping. In har an amsa, wata na'ura, sau da yawa firinta ko kyamara, tana riƙe da adireshinsa. Ba fanel adireshi tsayayye a wajen kewayon da rawuta ke rabawa. Wayar netwok kada ta wuce mita 100. A shafin suwic duba ƙidayar kurakuran mashigar, in tana hawa, a sake matse kan wayar ko a sauya ta, kuma a tabbata gefe biyu sun yi daidai a saitin sauri. Tsohon tsarin hana zagaye na suwic yana riƙe mashiga daƙiƙa 30 duk lokacin da waya ta motsa, a saita mashigar fanel ta tsallake wannan jiran, abin da kamfanin Cisco ke kira PortFast. Kyamarori masu yawa a kan rediyon haɗa gine-gine ɗaya da fanel sukan cinye hanyar, a raba su ta VLAN, wato raba netwok ɗaya gida-gida a saitin suwic, ko a ba ƙofofi fifiko.

Ga reshen ofis da ke haɗe ta intanet ko VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet, akwai wata alama ta musamman: bayani na farko bayan dogon shiru yana makara, na bayansa suna zuwa nan take. Fayawol ne ko rawuta ke rufe haɗin da ya yi shiru. A rage tazarar saƙon "ina nan" da fanel ke aikawa ta zama ƙasa da lokacin rufewar.

Ambaliyar bayanai

Jera rajistar awa 24 bisa yawan bayanan kowace ƙofa. Idan ƙofa ɗaya ta fi sauran sau ɗari, ka kama ɓarawon. Yawanci ɗan maganaɗisun da ke jin rufewar ƙofa ne ya goce, iska na kaɗa ƙofar, yana aiko "an buɗe da ƙarfi, an rufe" ba ƙaƙƙautawa. Ko makunnin murfin akwati ya saki, ko ƙararrawar ɗaukewar wuta tana kai da komo saboda wutar bango na rawa. A gyara tazarar maganaɗisun, a ɗaure ƙofar, a sa ɗan jinkirin tacewa a saitin mashigar. Haka kuma tura dukkan katuna zuwa fanel da rana yana tare hanyar, wasu fanel ba sa aika bayanai sai sun gama karɓa. A bar wannan sai dare.

Saba da rumbun bayanai

Fara da sararin diski. Sannan girman rumbun. Manhajojin ƙofa da yawa suna zuwa da manhajan rumbun bayanai na kyauta, SQL Server Express, wanda daga sigar 2008 R2 har zuwa ta 2022 iyakarsa gigabayit 10 ga kowane rumbu. In ya cika, rubutu ya tsaya, kuskure mai lamba 1105 ya bayyana a rajistar SQL, fanel kuma su ci gaba da tarawa. Kuskure 9002 na nufin fayil ɗin tarihin rubutu, mai ƙarewa da .ldf, shi ne ya cika, galibi don an bar rumbun a tsarin FULL, mai riƙe tarihin har sai an ɗauki kwafinsa, kuma ba a ɗaukar kwafin. Ɗauki cikakken kwafin ajiya, sannan ka kwashe tsofaffin bayanai zuwa ma'ajiya ta kayan aikin manhajar kanta. Kada ka goge layuka da hannu daga teburin. Express ba shi da SQL Server Agent, mai tayar da ayyuka a kan lokaci, don haka aikin tsafta ba ya tashi da kansa sai an tsara shi ta manhajar ko ta Task Scheduler na Windows.

Idan jinkirin yana zuwa a lokaci ɗaya kullum, nemi abin da ke tashi a lokacin: ɗaukar kwafi, binciken manhajar kashe ƙwayoyin cuta, ko babban rahoton halarta da sashen ma'aikata ke ja da safe daidai lokacin shigowa. Cire fayilolin rumbun daga binciken ƙwayoyin cuta, mayar da rahotanni masu nauyi dare. A duba kuma kada a bar sabar tana barci don tattalin wuta, abin da ya zama ruwan dare inda kwamfutar tebur ce aka mayar saba. Sai bayan duk wannan ne sake kunna manhajar sadarwa ke da ma'ana, kuma a kwafi rajistarta kafin a yi.

A kwamfutar mai gadi, duba ko allon na kai tsaye ne ko rahoto ne mai sabunta kansa duk minti ɗaya ko biyar, ko kuma hotunan ma'aikata ne masu nauyi ke jan lokaci kafin su buɗe.

Jinkirin da ba lalacewa ba ne

Ƙararrawar "an bar ƙofa a buɗe" ba ta tashi sai lokacin da aka saita ya cika, daƙiƙa 30 misali. Makullan batir marasa waya wasunsu na rubuta bayanai a jikin katin mutum, sai ya goga a wata na'ura mai haɗi kafin su isa saba, wanda ka iya zama gobe. Na'urorin yatsa da aka saita a kwashe su duk minti 15 ba za su taɓa nuna komai nan take ba sai an mayar da su tsarin turawa kai tsaye.

Bayan kowane gyara ɗaya, a maimaita gwajin kati da lokuta uku kafin a taɓa na gaba. Na ƙarshe a yi shi da gangan: zare wayar netwok ta fanel minti biyar, goga kati sau goma, mayar da wayar, ka ƙirga. Goma ɗin su iso duka, a jere, kowane da ainihin lokacinsa, sannan ka rubuta daƙiƙun da kwasar ta ɗauka a takardar da ke manne a cikin murfin akwatin, tare da ranar sauya batura biyun.